Matsalar Waya A Manyan Motocin Shanu: Abin Da Ya Kamata Falke Ya Sani

 A wannan fitowa za mu ɗan ajiye maganar farashi da ta takardun kan iyaka, mu taɓo wata magana wadda da yawanmu mu ke ɗauka ta direba ce da mai gareji, watau maganar wayar wuta ta manyan motocin da ke ɗaukar mana shanu. Gaskiya ne motar ta wani ce, amma abin da ke cikinta namu ne. Wanda ya yi lodin siminti ko gishiri, in mota ta kwana uku a daji, sai dai ya yi asarar lokaci. Mu kuwa kayanmu mai rai ne. Shanu na tsaye a matse cikin rana, ba ruwa ba ciyawa, ɗaya ya gaji ya kwanta sauran su tattake shi, kafin a kai tike bijimin da aka saya da tsada ya zama na mahauta a kan kuɗin da su ka ga dama. Sau da yawa kuma abin da ya tsai da motar bai wuce kan waya guda da ya yi tsatsa ba.

Ga mu nan Bangi abin ya fi tsanani. Da can kasuwar shanu tana Kilomita 13, nan bakin gari, yanzu kuwa sai an je Bubui, kilomita 45 a kan hanyar Bowali. Shanun da ke shigowa daga Kaga-Bandoro da Bambari sai sun sha jar ƙasa da gargada kafin su hau kwalta a Sibut, kuma da damina ana tsare manyan motoci a shingen ruwan sama har hanya ta tsane. Masu bin hanyar Kamaru su kuma suna da kimanin kilomita 600 tsakanin Bangi da Garwa-Bulai. Bugu da ƙari, rikicin ƙarshen 2013 da farkon 2014 ya watsa mutanen Miskin da kewayen Kilomita Biyar, wasu Cadi wasu Kamaru, a cikinsu har da tsofaffin masu gyaran waya da mu ka saba da su. Sabo da haka wanda za ka tarar a ƙauye a bakin hanya, mai yiwuwa yaro ne da ya koyi aiki a kan babur. Ba mu ce kowa ya zama bakanike ba. Abin da mu ke so shi ne in ana aiki a kan motar da ke ɗauke da dukiyarka, ka san ko daidai a ke yi ko lalube.

YADDA WUTAR TA KE TAFIYA

Babbar mota tana aiki da wuta bolt 24, daga batir biyu masu bolt 12 da aka jona kan wannan da na wancan. Wutar tana fita daga kan batir mai alamar ƙari, ta bi ta fiyus, ta bi ta makunni, ta isa inda a ke bukatarta, ko fitila ko ham ko kik. To ba a nan ta ke ƙarewa ba, tilas ne ta komo gida. Hanyar komowarta kuwa, a yawancin motocin da mu ke hawa, ƙarfen motar ne kansa, watau shasi, domin ɗaya kan batir ɗin a jikin shasi a ke ɗaure shi. Wannan hanyar komowa ita masu gyara a nan su ke kira mas. Ku riƙe wannan kalma, don rabin wahalar da mu ke sha daga nan ta ke.

Ciwon waya iri uku ne. Akwai yankewa, inda waya ta tsinke ko ta zame daga mazauninta, abin ya mutu ɗungum. Akwai haɗuwa, inda robar waya ta goge, tagulla ta taɓa ƙarfe, wuta ta yanke hanya ta koma ba tare da ta yi aiki ba, fiyus ya ƙone, in kuwa babu fiyus waya ta kama hayaƙi. Na uku shi ne mugun, watau rauni: waya tana nan a haɗe, ido ya ga lafiya lau, amma mahaɗin ya yi tsatsa ko ya saki, wuta tana ratsawa kaɗan-kaɗan kamar ruwa a toshasshen bututu. Fitila ta yi ja-ja-ja, kik ya yi nishi, yau abu ya yi gobe ya ƙi. A kan irin wannan ne a ke sa mutum sayen sabon kik ko sabon batir alhali nasa ba abin da ya same su.

Akwai kuma abin da ya keɓanci motar shanu, wanda masu ƙera ta a Jamus ko Faransa ba su yi lissafinsa ba. Fitsarin shanu yana da gishiri da kaifi mai cin tagulla. Yana bi ta tsakanin katakon daɓe, ya zuba a kan wayoyin da su ka bi jikin shasi zuwa fitilun baya, ƙurar jar ƙasa ta manne a kai ta riƙe danshi. In aka feɗe irin wannan waya sai a ga tagullar ta koma kore ko baƙa, wani lokaci har tsawon kamu biyu a cikin robar. Shi ya sa a motar shanu, in fitilun baya su ka fara wasa, ƙarƙashin bodi a ke fara leƙawa tun kafin a taɓa kan mota.

IN MOTA TA ƘI TASHI

A nan ne a ke yawan ɓata lokaci, don haka za mu ɗan daɗe. Farko dai a kunna fitilun gaba, wani ya tsaya yana kallo, direba ya murɗa makulli. In fitilun su ka mutu ko su ka dushe ƙwarai, to ko batir ya yi sanyi ko kawunansa sun saki. In kuwa fitilun ba su ko girgiza ba, kik ma bai ce uffan ba, to batir ba shi da laifi, saƙon ne bai isa kik ba, sai a bi siririyar wayar da ta taso daga makulli. In an ji ƙas guda ɗaya sannan shiru, a duba manyan wayoyi. Wannan gwaji ba ya bukatar komai sai ido da kunne, amma ya raba maka matsalar gida uku.

Bayan an ɗan matsa kik, a sa hannu a taɓa kawunan batir huɗu, da gajeriyar wayar da ta haɗa batir da batir, da inda mas ya kama shasi, da faffaɗar wayar da ta haɗa inji da shasi. Duk wanda ya yi zafi shi ne ɓarawon. Mahaɗi mai lafiya ba ya zafi. Kik ɗin babbar mota yana jan wuta amfiya ɗaruruwa a lokaci guda, don haka 'yar tsatsar da ba za ta hana fitila kamawa ba ta isa ta hana inji juyawa. A kwance, a wanke farin garin nan da ruwan zafi, a kankare har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tamau, a shafa man giris a kai. Al'adar nan ta buga ƙusa a tsakanin kan batir da maɗaurinsa tana kai mutum gari na gaba, amma fa a can ne za a canza maɗaurin, kada a bar shi haka wata da watanni.

Wanda ya ke da mita, kuma muna ba kowane mai mota shawara ya ajiye ɗaya, ga lissafin. Batir cikakke da ya huta yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka, biyun a haɗe 25 da 'yan kai. A auna kowanne shi kaɗai, domin ɗaya kan mutu ya ja ɗan'uwansa ƙasa. In ana kik, kada jimillar ta faɗi ƙasa da wajen 19 zuwa 20. In inji ya tashi ana ɗan ba shi wuta, ya kamata a ga kusan 28. In ya tsaya a 24 ko 25, mota ba ta caji, batir kawai ta ke ci, kuma da dare ya yi aka kunna fitilu za ta nuna hali. To ko a nan kada a yi saurin kwance altaneta. A fara danna bel a ga ko ya saki, a duba wayar da ke bayanta, a kuma tabbatar jar fitilar caji tana kamawa in an buɗe makulli, domin a tsofaffin motoci da yawa ta wannan ƙwan ne altaneta ke samun 'yar wutar da za ta fara aiki da ita. Ƙwai ɗaya ya ƙone, caji ya tsaya.

Kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa 15 zuwa 20. A bar shi ya huce minti ɗaya ko biyu. Direba mai fushi yakan ƙona kik mai lafiya a kan kan batir da ya saki.

Wata ɗabi'a da ke kashe batura a motocinmu, kuma yaranmu masu rakiyar shanu suna cikin masu yin ta, ita ce jona rediyo ko cajar waya ko fitilar duba shanu a kan batir guda don a sami bolt 12. Wannan batir ɗin kullum yana ƙasa, ɗayan kuma caji yana yi masa yawa, a 'yan watanni a rasa su duka biyu. Akwai 'yar na'ura mai rage 24 zuwa 12, ita a ke sawa. Haka nan in za a sake batir, a sake su tare, iri ɗaya girma ɗaya. Masu bin hanyar Kamaru ba su manta Disambar 2020 zuwa Fabrairun 2021 ba, lokacin da 'yan tawaye su ka datse hanyar, motoci sama da dubu su ka yi cirko-cirko a Garwa-Bulai fiye da wata ɗaya da rabi. Batir ko ba a taɓa shi ba yana zubar da wutarsa a hankali, balle da zafi, balle akwai abin da ke tsotsa. In zama ya kama, a kashe babban makunnin batir ko a cire kan mas, a kuma riƙa tayar da inji lokaci-lokaci ya daɗe yana aiki.

FIYUS

Fiyus mai gadi ne, an yi shi ne don ya mutu a madadin waya. In ya ƙone sau ɗaya, a sa irinsa. Masu kafa biyun nan na roba launinsu ke faɗin ƙarfinsu: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. In sabon ya sake ƙonewa nan take, to akwai haɗuwa a wani wuri, kuma a nan ne za ka ga an zaro takardar taba mai ƙyalli ko guntun waya za a cusa. Ɗan'uwa, in shanunka ne a bisa, ka hana. Wayar da aka cire wa mai gadi ita ce za ta zama fiyus, ta yi ja a cikin damin 'yan'uwanta ta narke su duka. Ga tankin gas a gefe, ga katako, ga ciyawar shimfiɗa, ga shanu a ɗaure da ƙaho. Allah ya kiyaye, ba a sauke bijimi talatin a cikin minti biyar.

Yadda masu sani su ke yi shi ne su cire fiyus ɗin, su jona ƙwan fitila mai bolt 24 a gurbinsa. Muddin haɗuwar tana nan, ƙwan zai haska sosai, kuma ba abin da zai ƙone don shi ya tare wutar. Sai a bi damin waya ana girgizawa, ana cire mahaɗai ɗaya bayan ɗaya. Inda aka taɓa ƙwan ya mutu ko ya dushe, nan ne. In tirela ce, a fara zare igiyar wutar da ta haɗa kai da bodi. Ƙwan ya mutu, laifin yana baya. Bai mutu ba, yana gaba. Da cirewa ɗaya an rage rabin aiki. Wuraren da a kan samu ba su da yawa: inda waya ta ratsa hujin ƙarfe babu roba, inda ta kwanta kusa da salansa, inda kan mota ke lanƙwasawa in an ɗaga shi, da inda masu walda su ka ƙara ƙarafan bodin shanu su ka matse ta.

Yankewa ma haka a ke nemanta, da fitilar gwaji, ƙafa ɗaya a mas mai kyau. A tabbatar akwai wuta a fiyus, babu a fitila, sai a gwada tsakiya. Akwai a tsakiya, a matsa gaba. Babu, a komo baya. Wanda ka ga ya fara farke dami tun daga farko yana tsattsaga roba, lalube ya ke yi. Kuma kowane hujin da aka yi wa roba da allura ƙofa ce aka buɗe wa fitsari da ruwa, in an huda a toshe.

FITILUN BAYA DA MAS

Kowa ya taɓa bin motar da in ta sa sigina sai duk fitilun bayanta su riƙa ƙyaftawa tare, ko in an taka birki sai ƙananan fitilu su mutu. Wasu su ce iska ce ta shiga motar. Mas ne ya yanke. Wutar ta rasa hanyarta ta komowa, sai ta bi ta cikin wasu ƙwayaye tana neman gida. A ɗauko doguwar waya, a taɓa jikin fitilar da ita, ɗaya bakin a kan mas na batir. In komai ya daidaita, an gama bincike, sauran a kankare mazaunin fitilar a ɗaure sabuwar wayar mas. A tirela kada a dogara da farantin da bodi ke hawa a kai, don giris ya cika shi. Mas ɗin tirela ta cikin igiyar wuta ya ke bi.

A nan akwai tarkon da ke kama yara masu koyo. A cikin motocin Jamus irin su Mercedes da MAN, waya mai ruwan ƙasa ita ce mas. Amma a igiyar tirela mai baki 7, fara ita ce mas, mai ruwan ƙasa kuwa ta ƙaramar fitilar dama ce, baƙa ta hagu, rawaya siginar hagu, koriya siginar dama, ja ta birki. Wanda ya haɗa ruwan ƙasa da ruwan ƙasa don launi ya zo ɗaya, ya haɗa wuta da mas ke nan. Haka kuma lambobin da ke jikin makulli da rile suna da ma'ana: 30 wuta ce kai tsaye daga batir, 15 wadda ke zuwa in an buɗe makulli, 31 mas, 50 ta kik. Mai gyaran da ya san waɗannan huɗu ya zauna a gaban malami.

Kada a raina fitilun baya. Motar shanu da dare ta fi tafiya don sanyi, kuma motar da ta tsaya a kwana babu fitila ita a ke afka wa. Ban da haka, daga Bangi har kan iyaka, mataccen ƙwai hujja ce ka miƙa wa mai neman dalilin tsare ka, shanu kuma suna tsaye.

SABABBIN MOTOCI

Tsofaffin da mu ka taso da su, irin su Berliet da Mercedes 911, famfon gas ɗinsu na ƙarfe ne zalla. In su ka tashi ko batir ya mutu suna tafiya, in akwai gangara da iskar birki ma a tura su. Tun da Mercedes ta fito da Actros a 1996 labari ya sake, yanzu kwamfuta ce ke ba inji gas, wuta ta yanke inji ya mutu a tsakiyar hanya. Irin waɗannan su ne ke zuwa mana ta Duwala bayan sun gama aiki a Turai, tare da na Sin irin su Howo. A kansu akwai abubuwan da aka saba yi da can waɗanda yanzu ɓarna ne. Ba a cire kan batir inji yana aiki don a ga ko ana caji. Ba a karta waya a jikin ƙarfe don a ga tartsatsi. Ba a sa fitilar gwaji a kan siraran wayoyin da ke zuwa kwamfuta, domin wasunsu bolt 5 kawai su ke ɗauka. Akwai kuma wasu tagwayen wayoyi a murɗe kamar igiya, su ne kwamfutocin motar ke magana da juna ta cikinsu; in an cire batir aka auna tsakaninsu da mita, om 60 ya kamata a gani. Ba a yanka su, ba a jona komai a kansu. Sannan duk ranar da za a yi walda a bodi, mu kuwa motocinmu kullum ƙaho yana karya wani ƙarfe, a cire batura tukuna, a kuma kama mas ɗin walda dab da wurin aiki.

In za a ɗauki wuta daga wata mota, 24 da 24 a ke haɗawa, ƙari da ƙari, sannan mas a ƙarshe a jikin inji, nesa da batir, don batir yana fitar da iska mai kamawa. Juya kan sau ɗaya ya isa ya kashe altaneta da kwamfuta tare. In za a kwance batir, mas a ke fara cirewa, shi a ke mayarwa a ƙarshe.

GYARAN DA KE ƘARKO

Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da leda gyaran bakin hanya ne, ya kai ka gari. A gareji, a yanke har inda tagulla ta yi haske, a sa waya mai kauri ɗaya da ta asali ko wadda ta fi, a matse mahaɗi da filaya ko a yi masa dalma, a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta. Duk wayar da za ta bi ƙarƙashin shanu a zura ta cikin tiyo, a ɗaure ta a cikin lungun shasi inda fitsari ba ya ɗiga, mahaɗai kuma su kalli ƙasa. A kula wajen saye, akwai waya a kasuwa wadda sanholo ce aka shafa wa ruwan tagulla. A kankare ta da wuƙa, in cikinta fari ne a bar ta.

Tun da haya mu ke ɗauka, lokacin magana shi ne kafin lodi, sa'ad da motar ke fanko kuma kuɗi na aljihunmu. A sa direba ya kashe ta ya tayar sau biyu a gabanka. A zagaya a ga fitilu ɗaya bayan ɗaya, har da na birki. A buɗe akwatin batir, a buɗe na fiyus a ga ko akwai guntun waya a ciki. A tambayi ƙaren mota ya nuna fiyus da ƙwayayen ajiya, da fitilar gwaji, da 'yar waya, da bel ɗin altaneta. A kuma yi sharaɗi a gaban shaidu: in mota ta lalace ta wuce awa kaza, wa zai nemo wata, wa zai biya kuɗin juyen shanu da na ruwansu. Mai motar da ya san wayarsa lafiya ta ke ba ya jin nauyin wannan sharaɗi, wanda ya fara kame-kame kuwa sai a duba ta bayansa a layi.